Jitar 1959 da Kwafinta: Me Mutum Yake Saya da Kuɗinsa?

A shekarar 1987 ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Guns N' Roses ta fitar da faifanta na farko. Sautin jitar Slash, makaɗin jitar ƙungiyar, a faifan ya sa samari suka koma neman jita samfurin Les Paul na kamfanin Gibson, bayan kasuwarta ta yi shekaru a kwance. Sai dai jitar da ya kaɗa a yawancin waƙoƙin ba daga masana'antar Gibson ta fito ba. Wani maƙeri mai suna Kris Derrig ne ya sassaƙa ta da hannunsa, yana kwaikwayon samfurin 1959. A 2010 kuma kamfanin Gibson da kansa ya fitar da jitar da ta kwaikwayi wannan ta Slash. Mai kaya ya kwafi kwafin kayansa ke nan, ya sa farashi, jama'a suka saya.

Masu kaɗa jitar lantarki sun daɗe suna ja-in-ja a kan tambaya guda: idan manyan kamfanonin jita Gibson ko Fender suka sake ƙera wani tsohon samfuri, suka ce ga jitar 1959 ko ta 1962 ta dawo, da gaske ta dawo? Ni a ganina, in dai abin kiɗa ake nufi, ta dawo, har ta kai inda kunne ba zai iya rantsuwa a kan bambancin ba. In kuwa abin tarihi ake nufi, ba ta dawo ba, ba kuma za ta dawo ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an cakuɗa waɗannan abubuwa biyu wuri guda, kuma makaɗi mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan kuɗin cakuɗawar.

Mu fara da wadda ake kira ta asali. Tsakanin 1958 da 1960, a garin Kalamazoo na jihar Michigan, Gibson ya ƙera Les Paul Standard kimanin 1,700, masu fuskar nan mai ruwan ɗorawa a tsakiya da ja a gefe. Farashin guda a 1959 dala 265 ne, ban da akwati. Ba ta yi kasuwa ba, shi ya sa a 1961 kamfanin ya watsar da fasalin ya koma wanda aka sani da SG. Sai a tsakiyar shekarun 1960 matasan Ingila irin su Keith Richards da Eric Clapton da Peter Green suka riƙa tsinto su na hannu, suka haɗa su da amfilifaya mai ƙara, duniya ta ji wani sauti da ba ta saba ji ba. Yau guda ɗaya takan kai ɗaruruwan dubban daloli. Kwafinta da sashen ƙira na musamman na Gibson ke yi kuwa yana kamawa daga wajen dala 6,000 zuwa sama da 10,000.

To, wace ce daga cikin 1,700 ɗin nan ake kwafa? Nan ne gizo ke saƙar, domin babu biyu da suke daidai da juna.

Ɗauki maɗaukin sauti, wato ƙaramin akwatin nan da ke ƙarƙashin tsarkiya, wanda ke mayar da girgizarta lantarki. Wani injiniya mai suna Seth Lover ne ya ƙirƙiro na Gibson, aka nemi rajistar haƙƙin mallakarsa a 1955, masu jita kuma suna kiransa PAF, taƙaicen "Patent Applied For", wato an nemi rajista. Cikinsa ƙwarya biyu ne na roba, kowanne an naɗe shi da wayar jan ƙarfe da kaurinta bai wuce na silin gashi ba, zagaye wajen 5,000, da sandar maganaɗisu a ƙasa. Injin naɗin da ake aiki da shi a lokacin ba ya tsayawa da kansa. Ma'aikaciya ce ke kallo, in ta ga ƙwaryar ta cika sai ta tsayar. Wata rana ta tsayar da wuri, wata rana waya ta ɗan zarce. Ƙwarya biyu na maɗauki guda ma sukan bambanta. Maganaɗisun kuma wanda ya samu a rumbun ajiya shi ake sawa, ko wane mataki ne na ƙarfi. Shi ya sa idan aka auna tsoffin nan a yau, wani ya nuna kusan om 7,000 (om shi ne ma'aunin tirjiyar waya ga lantarki), wani ya haura zuwa 9,000. Wancan sautinsa garau, mai haske. Wannan mai kauri, mai duhu. Dukansu na asali ne, dukansu an ƙera su a ɗaki guda.

Haka wuyan jitar. Da hannu ake goge shi, don haka na 1958 yakan cika tafin hannu, na ƙarshen 1960 siriri ne, na 1959 kuma ya danganta da wanda ya riƙe shi a ranar. Jan launin da aka fesa a gefen fuskar ma ba ya jure hasken rana. Wasu jitocin tun suna rataye a tagar kanti suka fara koɗewa, har kamfanin ya sauya rini a cikin 1960. Launukan da ake yayi yanzu, mai ruwan shayi da mai ruwan lemo, duk sakamakon wannan aibi ne. Duk wanda ya san hular da aka yi wa aikin hannu ya san ko daga hannun mutum ɗaya huluna biyu suka fito, sai an sami inda allura ta bi daban. Kalamazoo ta 1959 ma haka take.

Saboda haka idan wani ya ce kwafi bai yi daidai da ta asali ba, sai a tambaye shi wacce. Kamfanonin yau suna aron fitattun tsoffin jitoci, su auna su da na'urar haske mai ɗaukar siffa, su tantance sinadarin robar da aka yi maɓallai da ita, su ƙirga zagayen waya. Abin da suke fitarwa yana faɗawa ne cikin wannan faffadan fili da tsoffin suka bari a tsakaninsu. Tazarar da ke tsakanin kwafi mai kyau da wata tsohuwa ba ta fi tazarar da ke tsakanin tsoffi biyu ba. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: tsoffin da muke ji a faifai zaɓaɓɓu ne. Gwanaye sun gwada da yawa sun riƙe masu daɗi. Wadda ba ta da murya tun asali tana can cikin akwati, ba wanda ya san da ita, amma ita ma ta 1959 ce.

Ba na musun cewa akwai abin da ya gagari kwafi, kuma babbansa katako ne. Allon da yatsu ke bi a kan wuyan tsoffin jitocin daga wani itacen Barazil ne, irin wanda ake kira rozwud, kuma tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa shi a sahun farko na itatuwan da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda an kusa ƙarar da shi. Yanzu da na Indiya ake yawan aiki. Gangar jikin Les Paul kuwa mahogani ne na Amurka ta Tsakiya, dangin maɗacinmu na nan, kuma a wancan zamani daga manyan bishiyoyin da suka daɗe a kurmi ake yanko shi. Tsohuwar Les Paul takan yi nauyin kilo huɗu ko kusa da haka. Da katako mara nauyi ya yi wuya, jitocin shekarun 1970 suka yi nauyin da ke karya kafaɗa, har daga farkon shekarun 1980 Gibson ya shiga huda ramuka a cikin jikin jitocinsa na yau da kullum don rage nauyi. Na sashen musamman kuwa ana zaɓar musu katako mara nauyi a bar shi a dunƙule. Ga kuma shekaru sittin da doriya na bushewa, da wuyan da tafin hannu ya goge har ya yi santsi. Wanda ya riƙe irin wannan jita ya ce ya ji daban a hannunsa, gaskiya ya faɗa.

Amma jin hannu daban, abin da ke fita ta lasifika daban. Jitar lantarki ba da katakonta take magana kai tsaye ba. Tsarkiya ce ke girgiza a gaban maganaɗisu, lantarki ya bi waya ya shiga amfilifaya, ya fito ta lasifika, kuma kowane mataki yana sauya sautin fiye da yadda nau'in allon wuya zai sauya shi. Katako na da nasa rabon, musamman wajen tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, sai dai rabon ƙarami ne. Ɗaga maɗaukin sauti ko sauke shi da milimita biyu kawai ya isa ya canza muryar jita yadda kowa zai ji. Sautin da mutane ke bege a tsoffin faifai ya bi ta makirfo da tef da hannun injiniyan ɗakin naɗi, kafin nan kuma ya fito daga yatsun mutumin da ya kwana yana atisaye.

An taɓa gwada irin wannan da'awa a kan gogen Turawa, inda katako ne ke yin dukkan sautin. Wata mai bincike a Faransa, Claudia Fritz, tare da wani maƙerin goge Ba'amurke, Joseph Curtin, sun tara fitattun makaɗa goma a kusa da birnin Paris, suka sa musu baƙin tabarau don kada su gane abin da ke hannunsu, suka ba su goge goma sha biyu: shida sababbi, shida tsoffin Italiya, biyar daga ciki na shahararren maƙerin goge Stradivari. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna shida cikin goman sun zaɓi sabon goge, kuma da aka ce su bambance tsoho da sabo, ba su fi mai canka ba. Idan haka ta faru da kayan kiɗan da ya haura shekara ɗari biyu da hamsin, wanda ba ya bi ta waya ko lasifika, ina ga jitar lantarki?

Duk da haka, imanin cewa tsohuwa ta fi sabuwa ba daga sama ya faɗo ba. Akwai lokacin da gaskiya ne tsagwaronta. A Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13. Sannu a hankali aka fifita yawa a kan inganci: fenti ya koma mai kauri irin na roba, jitoci suka yi nauyi, haɗin wuya da jiki ya rage kyau. Gibson ma ya shiga irin wannan hali a hannun kamfanin Norlin a shekarun 1970. Makaɗin da ya shiga kanti a lokacin ya gwada sabuwa, ya gwada ta hannu mai shekara ashirin, ba sai an gaya masa wadda ta fi ba. Japanawa ne suka fara gane darasin. Kamfanoni irin su Tokai da Greco suka riƙa kwafar samfuran shekarun 1950 da kyau har suka tsorata masu asalin. Martanin Fender a 1982 shi ne ya fitar da nasa kwafin na Stratocaster ta 1957 da ta 1962, ya kuma kafa Fender Japan, aka ba masana'antar FujiGen aikin ƙira. Daga nan aka kama hanyar gyara. Matsalar da ta haifi imanin an magance ta shekaru da dama da suka wuce, imanin ne ya ƙi tafiya. Waɗancan kwafin na 1982 ma yanzu masu tara kayan tarihi ke farautarsu.

Jitocin da suka fi suna a duniya su da kansu suna ƙaryata zancen tsarkin asali. Blackie ta Eric Clapton, wadda aka yi gwanjonta a 2004 a kan dala 959,500, haɗe-haɗe ce: a 1970 ya sayi tsoffin Stratocaster shida a wani kanti a Nashville, ya kyautar da uku, ya wargaza ukun da suka rage ya haɗa guda. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour, da aka sayar a 2019 a kan dala 3,975,000, ƙirar 1969 ce, wato ta zamanin CBS ɗin da ake rainawa, kuma an sauya mata wuya da maɗaukan sauti ba sau ɗaya ba. Jimi Hendrix da sabuwar jita ta zamaninsa ya hau dandalin Woodstock a 1969. Les Paul ɗin Peter Green kuwa, muryarta ta musamman ta samo asali ne daga maganaɗisun da ke juye a ɗaya daga cikin maɗaukanta, abin da mai duba inganci zai kira kuskure. Babu ɗaya a cikin waɗannan mutane da ya damu da ko kayansa sun dace da littafin masana'anta. Abin da zai yi musu aiki suka nema.

Inda na raba gari da kamfanonin shi ne tsufar da ake ƙirƙira. A 1995 Fender ya fara sayar da sababbin jitocin da aka tsufar da gangan, Gibson kuma ya daɗe yana aiki da wani gwani mai suna Tom Murphy, har a 2021 ya ƙaddamar da sashe sukutum da sunansa. Ga yadda aikin yake. Ana gama jita tsaf, sabuwa fil, fentinta na sheƙi. Sai a ɗauko reza a tsattsaga fentin layi-layi, ko a sa shi ya tsage da sanyi, don ya yi kama da wanda ya sha hunturu sittin. A buga gefen jikin da tarin makullai. A goge bayanta daidai inda ƙarfen bel ɗin makaɗi zai ci, a kankare bayan wuya inda babban yatsa ke zama, a jiƙa ƙarafa a sinadari su yi tsatsa. Gwargwadon yawan raunin, gwargwadon tsadar. A 2006 Fender ya yi kwafin Blackie guda 275, har da ƙunar taba sigari a kan jitar, kowace a kan dala 24,000, kuma nan da nan suka ƙare.

Aikin gwaninta ne, ban raina masu yinsa ba, kuma ba ha'inci ba ne tunda an faɗa wa mai saye abin da yake saya. Na yarda ma cewa wuyan da aka rage wa fenti ya fi daɗin riƙo. Amma tabon da ke jikin tsohuwar jita shaida ce ta wani dare a wani wurin rawa, ta wani mutum da ya yi gumi a kanta yana neman abincin iyalinsa. Tabon reza ba shaidar komai ba ne. Babu abin da yake ƙara wa sauti, dubban daloli kawai yake ƙara wa farashi. Kuma yana koya wa matashi cewa darajar kayan kiɗa a kamanninsa take.

Haka nan wannan al'ada ta fito da "mafi kusa da asali" duk bayan 'yan shekaru. Gibson ya fara jerin kwafinsa na tarihi a 1993. Bayan wani lokaci aka ce an dawo da gam ɗin gargajiya da ake dafawa daga fatar dabba wajen haɗa wuya. A 2015 aka fito da wani jeri da aka ce ya fi duk na baya gaskiya, har robar maɓallai an sake. Kowane sabon mataki yana gaya wa wanda ya sayi na jiya cewa nasa da saura. Alhali mafi yawan gyare-gyaren nan ido ne ke ganinsu, idon ma sai na mai tara kayan tarihi. Wasu abubuwan asalin kuma makaɗa ba sa ma son su: tsohuwar Stratocaster makunninta na zaɓar maɗaukin sauti matsayi uku ne, makaɗa suka riƙa maƙale shi a tsakani don samun wasu sautuka, har Fender ya mayar da shi biyar a 1977, kuma da yawa daga cikin kwafin yau da mai biyar ɗin suke zuwa.

Wanda wannan zance ya fi cutarwa shi ne yaron da ke koyo, wanda ya karanta cewa sauti na ƙwarai sai da katakon da aka hana sara da kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba. Mu da ke kusa da Agadas muna da hujjar da ta isa. Mdou Moctar, ɗan Nijar da ke cika manyan zauruka a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar keke. Bombino, ɗan Agadas, ya shiga sahun waɗanda aka zaɓa don kyautar Grammy. Salon jitar da ya fito daga wannan yanki an gina shi ne da kayan da hannu ya kai gare su, a gidajen biki, da amfilifayar da janareta ke kunnawa, kuma yau Turawa ne ke zama suna koyon yadda ake fitar da shi.

Ga wanda ke zaune a ƙasarmu ma, wadda ta fi kama da ta 1959 ba lallai ita ce ta fi dacewa da shi ba. Tsohon fentin naitiro da ake alfahari da shi ba ya son zafi da gumi. Yakan yi danƙo a hannu, in aka jingina shi a kan roba kuma ya narke a wurin. Fentin zamani mai tauri ya fi jure rana da ƙura. Idan hunturu ya kama, allon wuya yakan bushe ya tsuke, bakunan ƙarafan da ke jere a kansa su fito suna yankar yatsa, wuyan ya ɗan lanƙwashe tsarkiya ta yi sama ko ta kwanta tana ƙara. Wannan ba ya tambayar jita shekarar da aka haife ta ko kuɗin da aka biya. Maganinsa mai gyara ne da ya iya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ya goge bakunan ƙarafan, ya daidaita tsayin tsarkiya da na maɗaukin sauti. Jita mai matsakaicin kuɗi da aka yi wa wannan aiki za ta fi mai dala 10,000 da ba a yi wa ba daɗin kaɗawa nesa ba kusa ba.

Wanda ke da hali kuma yana son fasalin 1959, ya sayi kwafin da zuciya ɗaya, domin jita ce mai kyau ƙwarai. Ya dai gwada uku ko huɗu kafin ya zaɓa, tunda su ma kwafin ba sa zama ɗaya. Ya rataya ta ya ji nauyinta a kafaɗa, ya kaɗa ta ba tare da lantarki ba ya ji yadda take amsawa, sannan ya haɗa ta da irin amfilifayar da zai yi aiki da ita. Kuɗin da zai biya na tabon reza kuwa, gara ya ƙara a kan lasifika mai kyau da tsarkiyar da zai riƙa canzawa a kan kari.